Ranar Da Merle Ta Shiga Teku

Akwai wani tsohon direban bas a tsibirin Trinidad mai suna Selwyn Pantin. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san shi da iya tuƙi, ya kuma san shi da saurin fushi. A kan sitiyari furfura ta same shi, amma har ya ajiye aiki bai koyi jiran danja ba tare da danna hon ba.

Matarsa Merle tela ce, mace mai yawan dariya. Bara ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, hannunta da ƙafarta na hagu suka daina aiki, ta koma kan keken marasa lafiya.

Tun daga ranar Selwyn ya ɗauki nauyinta shi kaɗai. Shi ke mata wanka, shi ke dafa abinci, shi ke tura keke. Idan maƙwabci ya miƙo hannu sai ya ce, "Bar shi, matata ce, na fi kowa sanin yadda ake ɗaga ta."

Da jikinta ya ɗan yi ƙarfi, 'ya'yansu suka tambaye ta me take so. Ta ce, "Teku. Ba kallonsa ba, shiga nake so in yi." Sai suka kama wa iyayen ɗaki na mako guda a wani ƙauyen masunta da ke tsibirin Tobago, maƙwabcin nasu.

Ranar tafiya Merle ta sa hular kaba mai faɗi, tana ta waƙa a jirgin ruwa. Daga tashar jirgi suka ɗauki tasi, hanyar kuwa duk kwana ce da hawa da gangara, har sai da kanta ya riƙa juyawa. Selwyn yana gaba yana gyara wa mai tasi tuƙi.

Kafin su hango ruwa, wari ya riga ya tarbe su, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Ciyawar teku ce ta iso kafin su. Ta rufe farin yashin gaba ɗaya, tsibi-tsibi har gwiwa, ta mayar da ruwan bakin gaɓa ruwan ƙasa. Jiragen masunta suna jere a kan tudu, babu hanyar fita.

Mai masaukin, wata dattijuwa da kowa ke kira Tanti Ena, ta fito tana goge hannu a jikin riga. "Sannunku da zuwa. Wata baƙuwa ta riga ku sauka, ba ta kuwa nemi izinina ba."

Selwyn bai yi dariya ba. Yana ta kokawa da keke a gindin matakala sai ga wani ƙaton masunci, Clevon Quashie, ya ajiye ragarsa ya matso.

"Kawu, bari in kama maka."

"Na kira ka?" in ji Selwyn.

Clevon ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. Selwyn ya haye da keken shi kaɗai, ya iso baranda yana haki, yana dafe da ƙugu.

"Haɗa kayanki, Merle. Ba mu ƙetaro ruwa don mu shaƙi wannan ba."

"Ni kam ba zan sake bin waccan hanya ba yanzu, Sel. Cikina bai gama dawowa wurinsa ba." Ta karɓi kwakwar da Tanti Ena ta fasa mata, ta kurɓa. "Zauna ka sha, ko fuskarka ta saki."

Ya zauna, amma fuskar ba ta saki ba.

Washegari da safe mutanen ƙauye suka fito da manjagara da shebur da baro, maza da mata. So suke su buɗe hanyar da jirage za su bi, don rabon da wani ya fita kamun kifi tun da ciyawar ta sauka. Tanti Ena ma tana cikinsu, da ɗankwali ɗaure a hanci.

Selwyn ya leƙo daga baranda. "Tanti, kuna wahalar da kanku. Gobe teku zai kawo wata."

"To gobe ma muna nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Wata tsohuwar a-kori-kura ce ke kwashe ciyawar, Clevon na tuƙa ta. Da aka cika ta, ya taka mai da ƙarfi, tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami. Ya ƙara takawa, suka ƙara nutsewa.

Selwyn ya juya baya don kada ya gani, amma kukan injin ya hana shi sakat.

"Kai, za ka ƙone kuloci! Rage iskar taya, ka tashi da giya ta biyu."

Clevon ya zuro kai ta taga. "Daga baranda ai kowa direba ne, Kawu."

Mata suka kwashe da dariya. Merle ta dube shi ta gefen hula. "Kana ji ana zagin sana'arka, kana zaune?"

Ai kuwa ya sauka. Ya rage iskar tayoyi, ya sa aka shimfiɗa ganyen kwakwa a ƙarƙashinsu, ya shiga ya murza makulli. Motar ta fito a hankali kamar tana kan kwalta. Mutane suka yi ta tafi, wani yana buga shebur a jikin baro.

"Sawu ɗaya kawai zan yi," in ji Selwyn, "don ku ga yadda ake yi."

Rana ta take yana kan yi. Sai da ya ji yunwa ya tuna lokacin maganin Merle ya wuce. Ya bar motar a kunne ya ruga masauki.

Ya tarar da ita a inuwar bishiyar mangwaro, ƙasan matakalar da ya sha wuyar hawa. Mata uku sun kewaye ta. Ɗaya tana mata kitso, ita kuma tana nuna wa wata yadda za ta rage wuyan riga. Ga kwanon romon kifi a gefe, babu komai a ciki.

"Wa ya sauko da ke?"

"Mutane."

"Maganinki fa?"

"Na sha. Bakina ai bai shanye ba, Sel, na iya cewa a miƙo mini."

Ya tsaya yana kallonta. Rabon da ya ji irin wannan dariya a bakinta tun kafin ciwo. Ya karɓi nasa romon, ya koma bakin aiki.

Haka aka yi ta yi. Teku na kawowa, suna kwashewa. Rana ta gasa Selwyn, rigar hutun da 'yarsa ta saya masa mai zanen furanni ta koma tsumma. Masunta suka laƙaba masa suna Giya Ta Biyu, tun yana harara har ya fara amsawa. Da yamma a zauna a ƙarƙashin rumfa ana buga wasan domino, shi da Clevon suna musu kamar sun shekara da sanin juna.

Ana saura kaɗan hutun ya ƙare iska ta juya, hanya ta buɗe. Jirage suka fita da asuba, suka dawo da kifi. A ranar babu gidan da ba a soya ba.

Da hantsin washegari Clevon ya zo gindin matakala da abokan aikinsa biyu.

"Kawu, Tanti Ena ta faɗa mana abin da ya kawo Mis Merle. Bayan wancan dutse akwai wani lungu da ciyawa ba ta shiga. Mota ba ta zuwa, sai jirgi. Mun zuba mai."

Idon Merle ya kawo haske. Selwyn kuwa ya ƙara damƙe hannun keke.

"Ta yaya za ta shiga jirgi?"

"Ɗaukarta za mu yi."

"Idan ta zame fa? Ni..." Selwyn ya rage murya. "Ni ban iya ruwa ba."

Clevon ya buɗe baki. "An haife ka a tsibiri, ka tsufa a tsibiri?"

"Bas nake tuƙawa, ba kifi ba."

Aka yi dariya, amma Selwyn bai saki keken ba. Abin da ya daɗe yana ɓoyewa ke nan. Ko da ya tarar da yashin fari tas, bai san yadda zai shigar da ita ruwa shi kaɗai ba, kuma ya kasa faɗa wa kowa.

Merle ta miƙa hannunta na dama ta dafa nasa.

"Sel, ka yi mini komai, Allah ya gani. Amma kullum ina jin nishinka idan ka ɗaga ni. Ka bar su su ɗauka. Kai ka riƙe mini hannu kawai."

Daga nan ya saki keken, ya matsa gefe.

"A hankali da kafaɗar hagu," ya ce.

Suka ɗauke ta kamar gimbiya, Tanti Ena na biye da tukunyar kaguwa da aka dafa da madarar kwakwa. Jirgi ya zaga dutsen, sai ga ruwa garai-garai, ana ganin ƙananan kifaye suna yawo a kan farin yashi.

Clevon ya sa mata rigar da ke hana nutsewa. Shi da abokansa suka sauke ta sannu a hankali, har ruwa ya kawo mata ƙirji. Ta ja numfashi, ta rufe ido.

Selwyn ya naɗe wando ya biyo su, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya kama hannunta gam.

"Kwantar da kanki baya, Mis Merle," in ji Clevon. "Ruwa zai riƙe ki."

Ta kwanta. Masuntan suka janye hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar nan da ta yi mata nauyi tun bara ta taso sama da kanta, tana lilo.

"Sel, ba na jin nauyin komai." Hawaye na gangarowa ta gefen idonta, tana dariya. "Kai ma sake ni."

"Merle..."

"Sake ni mana, tsoho."

Ya buɗe yatsunsa. Ta yi ta shawagi ita kaɗai, fuskarta na kallon sama. Yana tsaye baki buɗe sai wata 'yar igiyar ruwa ta doke shi a bayan gwiwa, ya zauna daɓas, ya tashi yana tari yana furzar da ruwan gishiri.

Dariyar Merle har cikin duwatsu. Tanti Ena ta ƙwala musu kira daga gaɓa cewa abinci zai huce.

"Ku ci," in ji Merle. "Ku rage mini. Ni ban gama ba."

Darasi: Kula da wanda kake so ba ya nufin ka hana kowa taɓa shi. Girman kai yakan ɓuya a cikin hidima, har ya tauye wanda ake yi wa hidimar. Ka fita ka taimaki mutane, idan kuma suka miƙo maka hannu ka karɓa da godiya. Idan ka san wani mai jinya da ke ɗauke da komai shi kaɗai, tura masa wannan labari, ka kuma leƙa shi yau.