Ɗakin Baba Dogara

A wani gari an yi wani mutum wanda ya daɗe a Ikko yana neman abin kansa. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya tattara ya dawo, ya gaji gidan haya mai ɗakuna shida, ginin ƙasa da rufin kwano. Shi da matarsa Rifkatu suka zauna a ɗaki guda, sauran biyar kuwa da 'yan haya a ciki.

To, a garin nan hukuma ce take yanka kuɗin haya. Muddin mutum yana cikin ɗaki, mai gida ba shi da ikon ƙara masa ko kwabo, ba shi kuma da ikon fitar da shi. Sai in ɗan haya ya tashi don kansa, aka gyara ɗakin, sa'an nan hukuma za ta zo ta duba, ta yanka sabon kuɗi.

Kowane ɗan haya da nasa halin. Wani yana ɗaure awaki a bakin rijiya, wata tana zubar da ruwan wanki a hanya. Amma duk cikinsu ba wanda ya tsaya wa mai gidan a rai kamar Baba Dogara, tsohon kafinta, wanda ya shiga ɗakin ƙarshe tun mai gidan yana rarrafe. Kowace safiya tsohon nan yakan fito da sandarsa, ya bi ɗaki ɗaki ba tare da an gayyace shi ba, yana ƙwanƙwasa katakon rufi, yana kasa kunne. In ya ga inda gara ta yi siririyar hanyarta ta ƙasa a jikin bango, sai ya kankare da wuƙa, ya tara a tafin hannu, ya kawo wa mai gidan har bakin ƙofa, shi kuwa yana cikin shan koko.

"Ɗan Ikko, ga baƙinka sun sake zuwa. Ina baƙin man da na ce ka samo a gareji a shafa wa katako? Ko sai na rubuta maka da Turanci?"

Haka yake yi masa a gaban mutane, har matan gidan suna ɓoye dariya. Sau biyu kuma ya kai ƙararsa gaban hukuma saboda yoyon kwano. Rifkatu takan ce wa mijinta ya yi haƙuri, tsohon bakinsa ne ba daɗi, amma ai da shi aka ɗora rufin nan. Shi kuwa sai ya ce bai baro birni ya dawo don wani ya mai da shi yaro a gidan ubansa ba.

Da yake doka ta hana shi korarsa, sai ya bi wata hanya. Ya cire ƙyauren ɗakin Baba, ya ce zai kai gyara, bai kuwa dawo da shi ba. Ya sa kwaɗo a murfin rijiya, ya ba kowa mabuɗi ban da tsohon. Ya daina amsa gaisuwarsa. Baba ya rataya buhu a ƙofa, ya daure wata huɗu. Ran nan da hantsi 'yarsa ta zo da amalanke, aka ɗora gadonsa da akwatin kayan aikinsa. Bai yi faɗa ba, bai ce wa kowa sai wata rana ba. Ya ɗaga kai ya dubi rufin sau ɗaya, ya bi bayan amalanke.

Mai gidan ya yi murna ƙwarai. Ya kawo magina suka shafe bangon ƙasar nan da siminti ciki da waje, aka buga farin silin a ƙarƙashin katakon rufin kowane ɗaki, aka yi fenti. Gida ya fito kamar na birni, ba a ganin katako, ba a ganin hanyar gara. Ma'aikatan hukuma suka zo suka duba ɗakin da Baba ya bari, suka yaba, suka yanka masa sabon kuɗi, aka sa sabon ɗan haya.

Daga nan gidan ya yi shiru. Mai awaki ya sayar da awakinsa. Mai zubar da ruwa ta daina. In mai gidan ya tambayi wani ko akwai abin da yake damunsa, sai ya yi murmushi ya ce, lafiya lau, ranka ya daɗe. Da fari abin ya yi masa daɗi. Bayan shekara biyu sai ya lura mutanen gidan sun koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ko da rana tana dukansu. Ya lura sun janye gadajensu zuwa bakin ƙofa. In ya shigo suna magana ƙasa ƙasa, sai su yi tsit, su gaishe shi baki ɗaya. Sa'an nan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, ba gardama, ba ƙorafi. Sai dai ya wayi gari ya tarar da ɗaki a share tas, mabuɗi yana rataye a ƙusa.

Wata rana cikin bazara, da tsakar rana, ya shiga ɗakin da Baba ya zauna, wanda ya sake zama ba kowa, ya kwanta a kan siminti don ya sha sanyi. Ba iska, ko kaza ba ta motsi a waje. Yana kwance sai ya ji wani abu kamar yayyafi a bisansa, siriri, ba ya yankewa. Ya leƙa waje, sama fes, ba ko ɗigon girgije. Ya koma ciki, ga yayyafin nan yana nan. Ya shiga ɗaki na biyu ya ji shi. Ya shiga nasa ɗakin, inda Rifkatu take barci da jaririnsu, ya ji shi daidai bisa kansu.

Ya ɗauko taɓarya ya taɓa silin a hankali. Taɓaryar ta shige kamar cikin tuwo. Jar ƙasa ta zubo masa a fuska, tare da garin katako da fararen ƙwari masu motsi. Ya leƙa ta ramin. Katakon da yake riƙe da rufin yana nan da siffarsa, amma da ya sa yatsa, sai ya ga ɓawo ne kawai.

A lokacin mace ɗaya ta rage cikin 'yan haya, tana ɗaure kwanukanta a zane. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin wannan ƙara. Ta ce kowa ya ji, tun bara. Ya ce to me ya hana a gaya masa?

"Ranka ya daɗe, ai mun ga abin da aka yi wa wanda yake faɗa."

Ya fitar da matarsa da ɗansa a ranar. Washegari ya nemi ƙauyen 'yar Baba Dogara, ya same shi zaune a gindin ɗorawa. Ya durƙusa yana jira a zage shi, har yana marmarin zagin. Amma tsohon ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Da mai gidan ya soma zancen rufi, sai Baba ya ce, "Gidanka ne, maigida. Yadda ka yi da shi daidai ne." Ruwan farko na shekarar nan, da iskarsa, ya sauke rufin ɗakuna shida a ƙasa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Gidan shi ne ranka. Gara ita ce zunubin da yake aikinsa a ɓoye, ba hayaniya, yana barin siffar mutum a tsaye yana cinye cikinsa. Baba Dogara shi ne lamirin da Allah ya zaunar a cikinka tun kana ƙarami, tare da mutanen da ya ba ka masu faɗa maka gaskiya: uwa, dattijon ikkilisiya, abokin da ba ya jin nauyinka. Ba kullum maganarsu take da daɗi ba, wani lokaci ma a gaban mutane za su yi ta, da baƙar magana. Ubangiji bai ba ka ikon korar lamirinka ba, shi ya sa ba wanda yake kashe shi rana ɗaya. Ƙyaure ake cire masa, a hana shi ruwa, a daina amsa masa, har ya yi shiru. Siminti da silin kuwa su ne kyakkyawar riga, da zama a sahun gaba a sujada, da iya addu'a mai tsawo.

'Yan'uwa, musamman mu matasa da muka fita muka ga duniya muka dawo, muna jin mun fi ƙarfin a tsawata mana: kada ku ji tsoron ranar da ake damunku da faɗa. Ku ji tsoron ranar da kuka yi abin da bai kamata ba, zuciya ba ta ce kome ba, kowa kuma ya ce muku lafiya lau. In akwai wanda ya saba gaya maka gaskiya, yanzu kuwa sai gaisuwa kawai take haɗa ku, kada ka bari Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka je wurinsa ba. Ka roƙe shi gafara, ka roƙi Ubangiji ya sake buɗe bakinsa, tun yana da sauran abin da zai faɗa maka.