Tayoyin Hassada

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai ƙaramar mota. Shekara shida tana kai shi aiki, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Sai ƙanensa ya sayi wata doguwa, irin wadda sai an ɗaga ƙafa ake hawa.

Duk ranar da suka je gaida mahaifiyarsu, motocin kan tsaya gefe da gefe a ƙofar gida.  Shi wan yakan leƙa ta taga, ya ga tasa ko madubin waccan ba ta kai ba, abinci ya ƙi wuce masa. Abin da ya fi ci masa rai, in za a kai tsohuwa asibiti, motar ƙanen take nufa.

Ya je wajen mai taya ya zaɓi manya guda huɗu.

Mai taya ya ce, "Maigida, waɗannan sun yi mata yawa. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, ba ya ganin titi. Babbar taya in ta juya sau ɗaya ta fi cin ƙasa. Za ka ga tamanin, alhali ka wuce casa'in."

Ya ce, "Ƙanena ne ya aiko ka? Ɗaura."

Motar ta tashi sama, shi ma ya ji ya ƙara tsawo. Ya yi ta lallashin tsohuwa har ta yarda ta shiga.

Ta ce, "To Babban gida, amma kar ka wuce tamanin, ka san ni da tsoro."

Kuma bai wuce ba, a ganinsa. Idonsa na kan allurar maleji har suka iso kwanar da ya saba sha a tamanin. Motar ta ƙi kwanuwa, ta wuntsila cikin rami.

Shi ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu. Tsohuwa ƙugunta ya karye. Har ta bar duniya ba ta sake taka ƙasa ba. Yana ta rantsuwa bai wuce tamanin ba, 'yan uwansa na kawar da kai.

To wa ya yi masa ƙarya? Ƙarfe ne? Shi ya ɓata ma'auninsa da hannunsa. Haka hassada take, 'yan uwa. Mai ita kullum gani yake bai wuce iyaka ba, alhali tuni ya yi nisa.

Ya Allah ka wadatar da zukatanmu da abin da ka ba mu, ka kiyaye mu, kar iyayenmu su cutu ta hannunmu. Amin.