Sanyin Shayin Alhaji Mamuda

Wani kamfani ya yi rajistar sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce, wai shi ya ƙirƙiro dabarar. Mai kamfanin, Alhaji Mamuda, ya kai Tanimu mai shayi gaban alƙali.

Alhaji ya ce, "Doka ta ba mu damar kare jama'a da haƙƙinmu, kada wanda ba gwani ba ya ƙona mutane. A ƙwace teburinsa, ko ya mayar mana da duk sanyin da ya sata."

Alƙali ya amince. Tanimu ya sa aka kawo butarsa tana tafasa, da kofi biyu, ya ce:

"Allah gafarta Malam, sanyin yana cikin shayin nan, sai an sheƙa yake fitowa. Ni an hana ni. Mai kaya ya ɗebi kayansa."

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ɗaga kofi sama zai sheƙa, ya kuskure ɗaya kofin, ya juye shayin kaf a ƙafarsa, ya hau tsalle.

Tanimu ya ce, "To, ga gwani ya ƙona mutum. Wa za a hana?"

Alƙali ya ce Tanimu ya koma teburinsa, Alhaji kuwa daga yau a riƙa sheƙa masa.