Wazirin da Kullum Yake Cewa Da Sauƙi

A can zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau, mai saurin fushi, wanda in ya ɗaga gira sai Hauni mai sare kai ya fara wasa takobi. Damuwarsa ɗaya ce: Wazirinsa Ƙosau ya daina zuwa fada.

Shi kuwa Ƙosau cututtuka ne suka yi masa taron dangi. Sanyin ƙashi ya ɗaure gwiwoyi, fuka ta shaƙe ƙirji, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa sai da rarrafe. Mutane kuwa, ka dai san halinsu. Masu cin tuwonsa jiya suka ce cutar tana yaɗuwa, suka ɗauke ƙafa, har ya zamana muryar da yake ji a ɗakin nan ta tarinsa ce.

Manzon Sarki ma daga zaure yake tsayawa ya ɗaga murya, "Sarki na gaisuwa, ya jiki?" Waziri ya tattaro numfashi ya ce, "Da sauƙi." To me zai ce? Wane mai tarbiyya ne ake gaishe shi ya ce babu sauƙi?

Galadima Barmo, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar waziri, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kullum sauƙi, kullum sauƙi, amma ba ya zuwa. In ba raini ba, to wani abu yake ƙullawa."

Sarki ya ce gobe da hantsi Waziri ya tako fada da ƙafarsa, in ya kasa a kawo shi a sare.

Da saƙon ya iso, Ƙosau ya dafa bango ya yunƙura, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Ya kwanta yana sauraron ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, yana tunanin ko wa zai yarda ya wanke gawarsa.

Da hantsi dogarai suka naɗo shi a tabarma, suka dire gaban Sarki. Hauni ya tsaya a kansa, inuwar takobin ta kwanta a wuyansa. 

Sarki ya ce, "Kai da bakinka ka ce da sauƙi. Ƙarya ka yi mini, ko raina ni ka yi?"

Ƙosau da idonsa mai gani ya lura Sarki da gefen baki yake magana, amawalin rawaninsa kuma ya tasa a kunci ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a sare ni, ya haƙorin?"

Sarki ya ce, "Da sauƙi," tun bai yi tunani ba, hannunsa dafe da kumburin, ƙwalla na taruwa a idonsa.

Sarki ya dubi gwiwoyin Waziri da suka kumbura kamar tulu. Can ya ce wa Hauni ya mayar da takobi kube. Ya yi doka: duk mai gaida marar lafiya a ƙasar ya shiga ya zauna, ya gani da idonsa. Galadima kuwa, hukuncinsa ya riƙa wuni a ɗakin Waziri kullum, yana masa fifita.

Ƙosau ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya yi laifi, ni kuma za a hukunta? A dai haɗo shi da wani mai daɗin hira."