Tsinken Biri

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan albarka.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Biri da Dila suka zauna wasan yaƙi a ƙasa, tsakuwoyi ne mayaƙansu, kowa da sarkinsa. Biri ya sa bishiyar kanyarsa, Dila ya sa goran zuma, wanda aka ci wa sarki ya rasa nasa. Bushiya, alƙaliyar wasan, ta ba kowa tsinke ɗaya. Ta ce, "Kowa ya jira bi da bi. Amma in aka kawo maka hari, karya tsinkenka ka tare, ko ba kai ke da yi ba. Sau ɗaya tak."

To, Biri kun san shi, zama ba ya zaunuwa. Ya sosa nan, ya leƙa can, tsinke sai rawa yake a hannunsa. Dila ya miƙa hannu wajen sarkin Biri a hankali. Ƙas! Biri ya karya tsinke. "Na tare!"

Dila ya ce, "Ka tare me, ɗan'uwa? Tururuwa na kore maka."

Biri ya ce, "Gwaggo Bushiya, ai ba a ƙirga wannan!"

"Ɗan nan, na ji ƙas ko ban ji ba?"

Sai ga harin gaske. Biri na ta liƙa tsinke da yawu, aka ɗauke sarkinsa.

Dila ya kwanta a gindin kanya ya ce, "Ni ban iya hawa ba. Hau ka girgizo mini."

Shi ya sa har gobe kuke ganin Biri yana jijjiga reshe, wani na ci a ƙasa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In da ƙarya, ta Gizo ce, Allah ya yafe mu.