Saƙon Murya a Zauren Masu Hawan Jini

An taɓa yin wani mutum a nan Kaduna, tsallaken kogi. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan'uwa. Ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Tirkaniya, ya shekara ashirin yana duba jama'a. Likita ake kiransa, alhali ba likita ba ne, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ana nan sai aka turo wata nas, Sista Christy. Ta lura masu hawan jini ba sa dawowa asibiti sai ciwo ya kayar da su, don haka ta buɗe musu zaure a WhatsApp. Kowace Litinin takan yi musu saƙon murya: a rage gishiri, a sha magani ko da jiki ya yi daɗi, a zo awo ranar Laraba. Tsofaffi daga Makera har Kakau suka riƙa cika benci.

Abin ya ci wa mutumin nan rai. Yana tsaka da gwada wa dattijo jini, sai dattijon ya ce, "Likita, Sista na nan kuwa?" Wata tsohuwa ma ƙwan zabi ta kawo, ta ce ya ajiye wa Sista. Ya buɗe nasa zauren, kwana biyu yana sallama ba mai amsawa.

Me ta rage masa? Kujerarsa ta ƙwace? Ko kusa. Shi dai ba ya son jin an yabe ta.

Rannan bayan la'asar ya sayi sabon layi, ya shige ɗakin ajiyar magani, ya toshe baki da hankici, ya naɗi saƙo. Da sallama da salati ya fara. Ya ce shi ma'aikacin lafiya ne mai tsoron Allah, ƙwayar hawan jinin da ake rabawa tana lalata ƙoda, duk mai ita ya zubar. Ya haɗa jama'a da Allah su tura gaba, sannan ya saki saƙon a WhatsApp.

Kun san halinmu, da an ambaci Allah sai mu tura ba bincike. Benci ya watse. Christy ta shiga bin gida-gida tana roƙon mutane su koma kan magani, shi kuwa zuciyarsa fes.

Bayan mako uku ƙanwarsa Larai ta kira daga Gonin Gora. Mahaifiyarsu, mai hawan jini ita ma, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Ya iske su a babban asibiti, dangi sun kewaye gado, ya hau Larai da faɗa.

"Wa ya ce ta daina shan magani?"

Larai ta ce, "Yaya, wani saƙo aka turo a zauren matan Islamiyya. Na ce mata ƙarya ce, ta ce in rufa mata baki. Wai muryarka ce, ko daga cikin rijiya ka yi magana za ta gane. Ta ce kai ba ka taɓa yi mata ƙarya ba."

Wani kawunsu ya sake kunna saƙon, kowa ya saurara, kowa ya juyo ya dube shi.

Aiki ya tafi, mutunci ya bi shi. Amma wannan mai sauƙi ne. Shekara huɗu ke nan yana durƙusawa gaban mahaifiyarsa yana neman gafara, ita kuwa sai dai ta zuba masa ido, don harshen da zai ce "na yafe" ba ya motsi.

Ya 'yan'uwa, mai hassada bai da ikon zaɓen wanda sharrinsa zai faɗa wa. Idan Allah ya gudanar da alheri ta hannun wani, ka yi masa addu'a, in ka kasa ka yi shiru. Kai kuma mai turawa, ka tambayi masana kafin yatsarka ta taɓa waya, domin kai ma za a tambaye ka.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi, ya kiyaye mu da cutar da bayinsa, ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya. Amin.