Hakimin da Ya Yi Dashe Bai Sani Ba

Akwai wani manomin shinkafa a ƙasar Bama, can nesa ƙetaren teku, a wani ƙauye na bakin kogi, sunansa U Nyein. A can, "U" ɗin nan girmamawa ce ga dattijo, kamar yadda mu muke cewa Baba wane. Yana cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya ga Yesu sa'ad da wani baturen mishan ya kawo musu bishara. Suna kiran baturen Saya, wato Malam.

Saya mutumin kirki ne, kada wani ya fita ya ce na ɓata shi. Ya koyi harshensu, ya ci abincinsu, a ƙasarsu ma ya binne matarsa. Amma yana da hali guda: komai sai shi. Wa'azi shi, addu'a shi, baftisma shi, ko ƙararrawa in ba ya nan ba mai taɓa ta. Duk wanda ya tuba sai ya taso da iyalinsa ya kafa gida kusa da majami'a, har wurin ya cika maƙil.

To, mutanen can ba sa watsa shinkafa a gona su yi tafiyarsu. Sai sun fara zuba irin a ɗan ƙaramin fili, ya fito a cushe, kore shar. In ya yi ƙwari a tumɓuke shi, a ɗaure ƙulli-ƙulli, a kai babbar gona a dasa cikin laka. Wanda aka bari a wurin reno ganye kawai zai yi ta yi, ba zai cika kwano ba.

Wata rana U Nyein ya ce, "Saya, irinka ya daɗe a wurin reno. Ka bar mutanen nan su yi wa'azi, ka aika su ƙauyuka."

Saya ya ce, "Ba su isa ba tukuna. In suka yi kuskure fa?"

"To, yaushe za su isa?"

"Tukuna dai."

Tukuna, tukuna, har furfura ta fito wa waɗanda ake cewa ba su isa ba!

Ana nan sai doka ta zo cewa baƙi su bar ƙasar. Saya ya shiga jirgi yana kuka. Hakimin wurin, wanda dama yana cike da masu bin Yesu, ya rufe majami'a, ya sa aka sauke ƙararrawa. Jama'a suka rasa inda za su sa kansu, sai suka riƙa taruwa a gidan U Nyein. Shi ne ya fara yi musu addu'a.

Labari ya kai wa hakimi. Ya ce tun da taro ne ƙarfinsu, zai raba su: gidan nan a kai shi gabas, wancan a kai shi yamma, kowa ƙauyensa dabam. Sa'an nan ya kira U Nyein ya ce, "Kai tsoho ne, na bar ka a gonarka. Amma in ka sake buɗe baki ka yi musu addu'a, gonar ta zama ba taka ba."

Gonar nan ta ubansa ce, ba shi da wata. Matarsa ta ce, "Maigida, in suka ƙwace, me za mu ci?" Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya yi niyyar ranar da za a kwashe mutanen ya je bakin kogi ya yi musu sallama kawai, ya koma gida.

Ranar tafiya aka jera jiragen kwale-kwale, hakimi na zaune a inuwa yana kallo. Wata gwauruwa ta riƙe rigar U Nyein tana kuka. Ta ce, "Baba, a can wa zai yi mana addu'a? In ɗana ya mutu, wa zai binne shi?"

Lokacin dashe ne. Ga mata suna wucewa da ƙullin shinkafa a ka, saiwoyin na ɗigar laka. U Nyein ya dube su, ya dubi jiragen, sai wani abu ya taso masa. Ya karɓi ƙulli ɗaya ya kwance. Ya bi jirgi-jirgi yana ba kowane maigida kara guda, har da gwauruwar. Ya ɗora wa kowa hannu a ka, ya ce, "Inda aka sauke ka, kai ne makiyayi. Kada ka jira kowa." Sa'an nan ya ɗaga murya ya yi addu'a, har na ƙetaren kogi suka ji.

Hakimi ya miƙe. "Tsoho, ka manta da abin da na gaya maka?"

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Ɗauki gonar. Shekara da shekaru ina roƙon Saya ya yi dashen nan ya ƙi. Yau ga shi kai ka yi mana, har da jirgi kyauta."

Aka ƙwace gonar. Shi da matarsa suka koma ƙwadago a gonakin mutane, sun kuwa kwana da yunwa ba sau ɗaya ba. Waɗanda aka watsa ma sun sha wuya. Dashe yakan yi yaushi kafin ya kama, wani ma ya mutu. Akwai waɗanda suka ja da baya. Sauran suka yi wa'azi da kuskurensu da komai, maƙwabta suka zo kallo, daga kallo suka zauna.

Bayan 'yan shekaru hakimi ya bi kogin rangadi ran Lahadi. Duk mashigin da ya tsaya sai ya ji waƙar nan da ya rufe wa ƙofa. Ransa ya ɓaci. Da ya dawo ya iske U Nyein cikin laka har gwiwa a gonar wani.

Ya ce, "Kai tsohon nan, yaya zan yi in rufe bakin mutanenka?"

U Nyein ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu. Ya ce, "Sake tumɓuke su, ranka ya daɗe. Akwai ƙauyuka a bayan dutse da ba su ji ba tukuna."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Wurin reno shi ne ikilisiyar da muke zaune a cushe, muna jin daɗin inuwar juna. Babbar gona ita ce duniya. Saya shi ne kowane shugaba mai ƙaunar garkensa amma ya ƙi sakin aiki. Fasto, dattijo, shugabar zumuntar mata, in komai sai ku, ranar da ba ku nan fa? Hakimi kuwa shi ne tsanani. Yana iya rufe ƙofa, ya sauke ƙararrawa, ya ƙwace gona, kuma da zafi, kada wani ya ruɗe ku. Amma bai isa ya hana abin da Allah ya dasa kamawa ba.

Ke da aure ya kai ki garin da ba majami'a, kai da aiki ko rikici ya raba ka da gida, ku daina cewa an jefar da ku. Dasa ku aka yi. Kuna jiran a aiko muku da wanda zai yi addu'a? Ku ne aka aiko.